Wasan Kwaikwayo a Aji: Amsa ga Malamar da Yaranta Ke Gargada

Tambaya: Ni malama ce a wata firamaren gwamnati, ina riƙe da aji uku, yara 84. Fiye da rabinsu ba sa iya karanta jimla ɗaya ta Hausa sai da gargada, wasu kuma ko sunansu aka tambaya sai su sunkuyar da kai. A wata bita an ce mu riƙa amfani da wasan kwaikwayo. Ni dai ina ganin kamar ɓata lokaci ne, kuma ina tsoron abin da iyaye za su ce. Da gaske yana taimakawa? In haka ne, ta ina zan fara?

Amsa: Malama, sannu da fama. Na daɗe ina koyarwa a firamare kafin in koma horar da malamai, don haka na san yadda ake ji in mutum ya tsaya gaban yara masu yawa haka da guntun alli a hannu, na gaba suna zaune a ƙasa, na baya ba sa jin abin da ake faɗa. Kuma matsalar gargada ba a ajinki kaɗai take ba. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar tare da wasu hukumomi a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi.

Shakkar da kike yi tana da dalili, domin akwai wasan kwaikwayon da lallai ba ya ƙara wa karatu komai. Shi ne na bikin ƙarshen shekara. A zaɓi yara goma waɗanda dama su ne idon aji, a ba su magana su haddace, a yi mako uku ana fitar da su daga darasi, a aro babbar riga da rawani, ranar biki iyaye su yi dariya su tafa, a watse. Abin yana da daɗi, yana kuma ɗaga sunan makaranta. Amma yaron nan na kusurwa da bai iya haɗa "ta" da "fi" ba, yadda ya shiga shekarar haka zai fita. Wanda nake nufi daban ne. A cikin aji ake yin sa, minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a mako. Babu dandamali, babu kayan ado, babu 'yan kallo daga waje. Sharaɗinsa guda ne, kuma a kansa duk amsata ta rataya: kowane yaro yana da rubutu a gabansa, kuma daga rubutun yake ɗauko maganarsa.

Kafin in ci gaba, ga wata iyaka da ya kamata ki sani. Wasan kwaikwayo ba ya koya wa yaro baƙaƙe da wasula. Wani kwamitin masana da aka kafa a Amurka ya fitar da rahoto a 2000 inda ya kasa koyon karatu gida biyar: jin sautukan da ke cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Biyun farko sai an zauna an koyar da su ɗaya bayan ɗaya, ba, be, bi, bo, bu, a bambanta wa yaro "b" da "ɓ", "k" da "ƙ", "d" da "ɗ", a nuna masa yadda "t" da "s" suke haɗuwa su ba da "ts". Littattafan Mu Karanta da aka yi aiki da su a jihohin Bauchi da Sakkwato a kan haka aka gina su. Kada ki rage ko minti ɗaya daga wannan aikin saboda wasa. Inda wasan kwaikwayo yake da ƙarfi shi ne na uku da na biyar, wato cire gargada da kawo fahimta, kuma nan ne 'yan aji uku da yawa suke maƙalewa.

Maganin gargada maimaici ne. Wani masani, S. Jay Samuels, ya nuna tun 1979 cewa idan yaro ya karanta gajeren rubutu ɗaya sau da yawa, saurinsa yana ƙaruwa, kurakuransa suna raguwa, kuma ribar tana bin sa zuwa rubutun da bai taɓa gani ba. Matsalar ita ce, wane yaro ne zai yarda ya karanta sakin layi ɗaya sau shida? A karo na uku ya fara hamma yana leƙen taga. Amma ki ce masa ranar Alhamis wataƙila shi ne Gizo, kuma 'yan aji za su saurare shi, sai ki gan shi lokacin tara yana zaune a gindin darbejiya yana bin layinsa da yatsa, ba wanda ya sa shi. Maimaicin da bulala ba ta samar ba, son ya fito da kyau gaban abokansa ya samar.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi Hausa ita kanta, wanda ban cika jin ana ambatonsa a bita ba, alhali a ganina shi ne mafi girma. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Duba wannan jimlar: "Ta zauna a gindin kuka tana kuka." Haruffa huɗu iri ɗaya, kalmomi biyu daban, kuma bakinki ya bambanta su ba tare da kin yi tunani ba. Haka "gari" na tuwo da "gari" na mutane, haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Ma'ana ce take gaya wa mai karatu yadda zai furta. Wato takarda tana ba shi ƙashi ne kawai, shi zai sa tsoka da murya. Yaron da ke karatu kalma-kalma, kamar mai jera bulo, zai iya furta kowace gaɓa daidai amma bai ji abin da ya karanta ba, domin bai sa muryar ba. A darasin da aka saba, wannan kuskuren yana wucewa ba a lura ba. A wasa ba ya wucewa.

Na ga haka da idona a wani aji. Rubutun yana cewa:

Dogari: Ranka ya daɗe, ga Gizo a ƙofa.
Sarki: Ya shigo.

Yaron da ke riƙe da sarki ya ja wasalin, ya ce "yaa shigo", kamar mai ba da labarin abin da ya riga ya faru. Gizo kuwa yana tsaye a bakin ƙofa da takardarsa, bai motsa ba. Aka yi shiru. Can sai wata yarinya daga tsakiyar aji ta ce, "Ai ba a ce masa ya shigo ba." Sarki ya sake duba takarda, ya ɗan yi tunani, ya gyara zama, ya sauke murya ya ce "ya shigo" irin ta mai ba da izini. Gizo ya shigo yana rangaji. Malamin ajin bai ce uffan ba. A cikin rabin minti yaran sun gano da kansu cewa rubutu ɗaya yana ɗauke da magana biyu, kuma sai ka san abin da ke faruwa kafin ka san wacce ake nufi. Fahimta ke nan. Haka alamar tambaya da waƙafi da aya suke samun rai: yaron da ya karanta tambaya ba da muryar tambaya ba, abokinsa ba zai amsa ba.

Bincike ma ya goyi bayan abin da muke gani a aji. A 2000 wata mai bincike, Ann Podlozny, ta tattara sakamakon nazarce-nazarce kusan 80 kan wasan kwaikwayo a aji, ta samu cewa yaran da suka kwaikwayi labari sun fi waɗanda suka karanta shi kawai fahimta da tunawa, kuma maganarsu da rubutunsu sun inganta. Inda ta ga alaƙar ba ta da ƙarfi shi ne wajen ƙaruwar sababbin kalmomi, don haka kada ki dogara da wasa shi kaɗai a wannan fannin. A Ostareliya kuma, a 2009 babban kamfanin wasan kwaikwayo na birnin Sidni da Jami'ar Sidni suka fara tura ɗan wasa ya yi makonni yana shiga aji tare da malamin firamare, suna aiki da littattafan labarin yara, da nufin malamin ya ci gaba shi kaɗai bayan ɗan wasan ya tafi. Sai dai azuzuwan can ba su kai rabin naki ba, saboda haka dole mu yanka rigar daidai jikinmu.

Kuma ba aro za mu yi daga tushe ba. Yaran da kike cewa ba sa magana, ki tsaya ki kalle su daga goma ga azumi. Su ne masu liƙa gemun auduga su fito da sanda suna tafiyar tsofaffi, su ne masu ɗaukar ƙullin ganyaye suna kwaikwayon mai magani, kowa ya san inda zai shiga da inda zai amsa, babu malamin da ya koya musu. 'Yan mata suna aurar da 'yar tsana har da kai lefe da buɗar kai. Tatsuniya kanta rabin wasa ce, domin mai ba da ita sai ta sauya harshe in ta zo kan maganar Gizo. A makarantun boko ma abin ya daɗe. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, a ƙarshen shekarun 1930, yake rubuta gajerun wasanni. Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fito a 1949. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewaye suna shirya wasa da jama'a kan matsalolinsu. Wasan kwaikwayo yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya, ƙarƙashin darasin al'adu da fasaha. In hedimasta ko sufeto ya tambaye ki, kina da madogara.

To, ta ina za ki fara? Ki ɗauki tatsuniyar da yaran suka riga suka sani, domin sanin labarin yana tallafa wa mai rauni ya hasashi kalmar da ke gaba. Ki mayar da ita magana-magana, layi 12 zuwa 15, kowane layi gajere. Ga misali daga tatsuniyar Gizo da hankaki:

Mai labari: Wata rana Gizo ya ga hankaki suna cin ɓaure.
Gizo: Kai! Ina kuka samo wannan?
Hankaki: A tsakiyar kogi muka samo shi.
Gizo: Don Allah ku tafi da ni.
Hankaki: Kana da fiffike?
Gizo: Ba ni da shi. Ku ara mini.
Ƙoƙi: Gizo, ka rage haɗama!
Mai labari: Kowane hankaka ya ciri gashi ɗaya ya ba shi.

Ki lura da abin da ke ciki: akwai "ɓ", akwai "ƙ", akwai "ɗ", akwai "ts", akwai tambaya biyu da motsin rai biyu, ga kuma "kuka" ta uku ta shigo. Ba kwatsam ba ne. In makon nan "ɓ" kike koyarwa, ki cusa ɓaure da ɓera da ɓarawo a bakin 'yan wasan.

Ba ki buƙatar kuɗin buga takardu. Ranar Litinin ki rubuta wasan a allo da manyan haruffa, ki karanta musu da murya mai rai, sau biyu, kina nuna kowace kalma da sanda. Sannan kowa ya kwafa a littafinsa. Kwafar nan darasin rubutu ce, kuma ita ce ke ba kowane yaro takardarsa. Ki zaga ki duba ƙugiyoyin haruffa, domin nan suke yawan yarwa. Ranar Talata aji gaba ɗaya ya karanta, layin dama su ne hankaki, na tsakiya Gizo, na hagu mai labari, sannan a juya. Babu wanda ya tsaya shi kaɗai tukuna, saboda haka mai rauni yana fakewa cikin muryoyin 'yan'uwansa yana koyo ba tare da jin kunya ba. Sai ranar Laraba za ki kasa su. Yara 84 za su ba ki rukuni 12 na mutum bakwai-bakwai: mai labari ɗaya, Gizo, Ƙoƙi, hankaki huɗu. A kowane rukuni ki sa mai ƙarfin karatu aƙalla ɗaya, ki ba masu rauni hankaki domin su huɗu suke magana tare. Ranar Alhamis rukuni uku ko huɗu su fito gaban aji da littattafansu a hannu. Mako mai zuwa wasu ne za su fito, har kowa ya samu.

Za a yi hayaniya, wannan babu makawa. Ki sanar da hedimasta da malamar ajin da ke maƙwabtaka da ke tun kafin ranar, in da hali ki fitar da rabin rukunonin inuwar bishiya. Ki kuma yi yarjejeniya da yaran kan alamar tsayawa. Wadda na fi so ita ce in ɗaga murya in ce "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "Ta zo mu ji ta", sai kowa ya kama bakinsa. Tun suna goye suka san bayan wannan amsar shiru ake yi.

Babban haɗarin da zan ja kunnenki a kai shi ne hadda. Yaranmu gwanaye ne wajen haddacewa, makarantar allo da Islamiyya sun horar da kunnensu, kuma baiwa ce. Amma a nan tana iya yaudarar ki. Yaro zai ji layinsa sau uku ya riƙe, ranar Alhamis ya zuba shi tiryan-tiryan idonsa na kallon rufi, ki ɗauka ya iya karatu. Maganinsa shi ne kada kowa ya san matsayinsa na ƙarshe sai ranar. Wanda ya yi Gizo jiya, yau shi ne mai labari. Wani lokaci ki sauya kalma ɗaya a allo ba tare da kin faɗa ba, ɓaure ya koma ɗinya, ki ga wa zai lura. Ko ki rubuta layukan a yankakken kwali, ki cakuɗa, rukuni ya jera su bisa tsari. Kuma yatsa ya kasance a kan kalma koyaushe.

Bayan wata ɗaya ko biyu, ki fara karɓar labari daga bakinsu. Wata malamar rainon yara a Shikago, Vivian Paley, ta shahara da wannan hanyar: yaro ya faɗi labarinsa, malama ta rubuta shi yadda ya faɗa ba ta gyara ba, sannan a ranar 'yan aji su kwaikwaya. Ko layi uku ne ya isa. "Akuyarmu ta ɓata. Muka je nema. Muka same ta a gidan maƙwabta tana cin dusa." Ranar da yaro ya ga maganar bakinsa ta zama rubutu a allo, wani ya zama akuya, wani ya zama shi, daga ranar yake gane amfanin rubutu. Daga nan sai ki buɗe ƙofa: Gizo ya rubuta wa hankaki wasiƙar ban haƙuri, Ƙoƙi ta rubuta cigiyar mijinta.

Akwai wata dabara ta Dorothy Heathcote, malama a Jami'ar Newcastle ta Ingila, wadda ta rasu a 2011. Ita takan shiga wasan da kanta, ta ɗauki matsayin wanda bai sani ba, ta bar wa yara matsayin masana. Na gwada ta sau da yawa. In sa hula, in riƙe sanda, in shigo aji a hankali da takarda a ninke, in ce, "'Ya'yana, ni ne mai unguwa. An aiko mini da wannan daga wurin hakimi, ga shi idona ba ya gani sosai. Ko a cikinku akwai mai taimaka mini?" Yaran da in na ce "wa zai karanta?" suke noƙewa, sai ga su sun kewaye ni suna haɗa gaɓoɓi, wannan ya kama farkon kalma, wancan ya ƙarasa. Tambayar farko jarrabawa ce, ana iya faɗuwa. Ta biyu taimakon dattijo ne. Ke ma mayafi da kwando sun ishe ki zama tsohuwar da jikanta ya aiko mata wasiƙa daga Legas.

Yanzu ga waɗanda suke sunkuyar da kai. Kunya abu ne mai kyau a wurinmu, kuma ba na son a ce makaranta ta zo ta raba yaro da ita. Amma mu bambanta kunya da tsoro. Yarinyar da ta durƙusa ta gaida babba a hankali tana da kunya. Wadda ba ta iya cewa "Malama, ban gane ba", ko ta kasa faɗin abin da ke damunta a asibiti, tsoro ne ya ɗaure ta, kuma zai cuce ta har girma. Wasa yana ba irin wannan yarinya mafaka: ba ita ke magana ba, Ƙoƙi ce. In an yi dariya, Ƙoƙi aka yi wa. Masanin nan na Rasha, Vygotsky, ya lura cewa a cikin wasa yaro yakan yi abin da ya fi ƙarfin shekarunsa, kamar ya ɗara kansa tsawo. Na tuna wata yarinya da ta yi zango guda ban ji muryarta ba. Ta yi mako uku cikin hankaki. A na huɗu aka rasa Ƙoƙi a rukuninsu, ta karɓa. Da ta zo kan "Gizo, ka rage haɗama!" sai ta riƙe ƙugu ta faɗe shi da muryar da na tabbata ta wata babba ce a gidansu. Ajin ya ɗauki tafi. Ba ta zama mai surutu ba bayan haka, kuma ba a so ta zama. Amma ta fara ɗaga hannu.

Kada ki tilasta wa kowa fitowa shi kaɗai. Mai i'ina musamman, ki bar shi cikin masu magana tare, domin sanannen abu ne cewa i'ina takan ragu sosai in mutum yana furuci tare da wasu.

Sauran halayen zaman tare suna shigowa ne ta cikin aikin kansa, ba sai kin yi wa'azi ba. Wanda bai saurari abokinsa ba, ba zai san lokacin shigarsa ba. Wanda ya katse wani ya ɓata wa rukuni duka. Mutum bakwai suna son zama Gizo, dole a sasanta. In kina son ki zurfafa, ki ajiye kujera a gaba, wanda ya yi Gizo ya zauna, 'yan aji su yi masa tambayoyi yana amsawa a matsayin Gizo: me ya sa ka hana su ɓauren bayan sun ara maka gashi? Da suka ƙwace gashinsu suka bar ka a kan bishiya, me ka ji? Sannan hankaka ya zauna a tambaye shi ko abin da suka yi daidai ne. Za ki ji muhawarar da ba ki zata daga bakin 'yan shekara tara ba.

Ga rigingimun aji na gaske kuma, akwai hanyar Augusto Boal, wani masanin wasan kwaikwayo na Barazil. A shirya ɗan wasa kan abin da suka sani, a ce layin famfo, babba ya zo ya ture ƙarami ya sa bokitinsa. A tsakiyar rigimar ki tafa ki tsayar, ki tambaya: wa yake da wata hanyar? Wanda ya ɗaga hannu kada ya faɗa da baki, ya fito ya karɓi matsayin ya gwada. Wani zai rama da duka, a ga inda ta kai. Wani zai kira babba. Wata za ta ce a bi layi, ta samu masu goya mata baya. Sun gwada hanya uku babu wanda ya ji ciwo.

Nan sai an yi hattara, kuma ina roƙon ki ki riƙe wannan da muhimmanci. Kada ki ba yaron da aka sani da cin zali matsayin azzalumi, ko wanda ake tsokana matsayin wanda ake tsokana. In akwai yaran da rashin tsaro ya koro daga garuruwansu, kada a kwaikwayi hari ko bindiga ko gudu, domin abin da yake wasa ga wani, ga wani gyambo ne. Kuma akwai abin da tashe da barkwancinmu suka saba da shi wanda bai kamata ya shigo aji ba: mayar da wata ƙabila ko mai wata lalura abin dariya, kwaikwayon Hausar wanda ba Bahaushe ba, ɗingishin gurgu, lalube irin na makaho. A ajinki akwai ɗan wannan ƙabilar, akwai mai ɗan'uwa gurgu a gida.

Game da iyaye, tsoronsu sananne ne: suna jin "wasan kwaikwayo" sai tunaninsu ya tafi ga fim da rawa da waƙa da cuɗanyar maza da mata. Ki cire abin da suke tsoro tun farko. Babu kiɗa, babu rawa. Namiji ba ya sa kayan mata, mace ba ta sa na maza. Ɗan kwali da aka rubuta "Ƙoƙi" aka rataya a wuya ya wadatar, kuma shi ma abin karantawa ne. In garinku an fi son haka, rukunin maza daban, na mata daban. Kada a kwaikwayi annabawa ko sahabbai. Ki tuna musu cewa Islamiyyu da yawa suna sa ɗalibai irin wannan tattaunawar ranar walimar sauka, iyaye suna zaune suna jin daɗi. Ni a wurin iyaye nakan kira shi karatun murya-murya, kuma sunan gaskiya ne, domin abin da ake yi ke nan. Sannan ki gayyaci mutum biyu ko uku daga kwamitin makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, har da liman in zai samu zuwa, su zauna a baya ranar wata Alhamis. Gani ya kori ji. Uban da ya ga ɗansa riƙe da littafi yana karanta layinsa a gaban jama'a, da wuya ya fita yana ƙorafi.

Daga ƙarshe, kada ki yarda da maganata haka kawai, ki auna. Kafin ki fara, ki zaɓi yara 12, huɗu masu ƙarfi, huɗu matsakaita, huɗu masu rauni. Ki ba kowannensu gajeren labarin da bai taɓa gani ba, ki sa agogon wayarki minti ɗaya, ki ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan ki yi masa tambaya biyu kan abin da ya karanta. Ki rubuta a bayan rajistarki, tare da sunayen waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba. Bayan mako shida ki sake, da wani sabon labari mai tsawo da nauyi irin na farko, ba rubutun wasan ba. In matsakaitan sun motsa amma masu raunin suna nan inda suke, to su haruffa ne ba su zauna musu ba, sai ki ware musu minti goma kullum na gaɓa-gaɓa, su ci gaba da zama hankaki kafin nan. In kuwa babu wanda ya motsa, ranar Alhamis mai zuwa ki tsaya a gefe ki kalli idanunsu, ki ga ko takarda suke kallo ko rufi.